"Otaku" da "stan": zagi ne ko kirari?

Tambaya: Ƙanena ya rubuta "otaku" a ƙarƙashin hotonsa na WhatsApp, abokansa kuma na ce masa "stan". Zaginsa suke yi, ko wani yayi ne na yaran zamani?

Amsa: Kwantar da hankalinki, Malama. Kalmomin biyu sun taɓa zama abin suka, amma yau kirari ne a bakin masu su.

Otaku kalmar Japananci ce, kuma asalinta ladabi ne: tana nufin "gidanku", yadda ake yi wa baƙo magana ba tare da kama sunansa ba. Masu son anime (finafinan zane na Japan) da manga (littattafan labarai cikin zane) sun riƙa kiran junansu da ita, sai marubuci Akio Nakamori ya yi musu ba'a da ita a wata mujalla a 1983. Abin ya ƙara muni a 1989, da aka kama Tsutomu Miyazaki, wanda ya kashe ƙananan yara mata huɗu. An tarar da ɗakinsa maƙil da dubban kaset ɗin bidiyo, jaridu suka laƙaba masa sunan, kalmar ta yi baƙin jini na shekaru. A wajen Japan wannan tabon bai bi ta ba. Yaron da ya ce shi otaku ne, cewa kawai yake yi anime ya shiga ransa.

Stan kuwa sunan wani ne a waƙar da mawaƙin Amurka Eminem ya fitar a 2000: masoyi ne mai ta aika wa mawaƙin wasiƙu, da ya ji shiru sai ya halaka kansa da budurwarsa. Gargaɗi ne, amma masoya suka mai da shi tambarin mai tsananin son wani tauraro, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmar a 2017.

Mu ma muna da irinta. Ki tuna nauyin kalmar "maye" a Hausa, amma ga shi mutum na bugun ƙirji ya ce shi mayen ƙwallo ne, ko ɗan gani-kashe-nin Arsenal.

Wadda nake ƙyama ita ce "sasaeng" ta Koriya ta Kudu, masoyan da ke bin mawaƙa har ƙofar gida, su ɗauki hayar tasi suna bin motarsu, su sayi lambar wayarsu. Wannan cutarwa ce tsagwaronta.

Shi kuwa ƙanenki, ki lura da barcinsa da karatunsa da inda kuɗin datarsa ke fitowa. In waɗannan lafiya lau, zauna kusa da shi ki tambaye shi wane anime yake kallo.