Ciwon ya warke, amma yarinyar ta daina barci

Kin rubuta cewa ruwan zafi ya ƙona 'yarki mai shekara 9 a wuya da hannu. Fatar ta warke, amma tana firgita cikin dare, ta koma fitsarin kwance, ta kuma ƙi zuwa makaranta. Kina tambaya ko shafar aljanu ce.

Sannu baiwar Allah, Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan abu sananne ne ga yaran da suka ƙone. Ki tuna lokacin wankin ciwo: a danne ta, a ɓare bandeji tana ihu, gobe a sake. Wannan tsoron ba ya tafiya don fata ta haɗe. Ki lura, wataƙila da ta ga tukunya na tafasa jikinta zai hau rawa. Ga ƙaiƙayin tabo da ke hana barci, tabon kuma yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 kafin ya kwanta.

Don Allah kada a dake ta kan fitsarin, kada kuma a ce mata ita ta jawo wa kanta.

Ki je ki ga malamarta kafin ta koma aji. Ki koya mata gajeriyar amsa ga masu tambaya: "Ruwan zafi ne, na warke."

Idan firgitar ta wuce wata 1, ki roƙi likitan da ya duba ƙunar ya tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da shi. Ki haɗa da addu'a, ki riƙa kwana kusa da ita.