Shin Eclipse RCP ya dace da manhajar lissafin kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya Java daidai gwargwado, kuma ina son gina manhajar kwamfuta ta lissafin kaya a shagunan magani, wadda za ta yi aiki ko babu intanet. An ba ni shawarar Eclipse RCP. Ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. In dai taga biyu ko uku ce, ta shigar da kaya da ta fitar da rasit, ban ba ka shawarar RCP ba. JavaFX, wato kayan zana tagogi na Java, da rumbun bayanai na SQLite sun wadatar.

Kamfanin IBM ne ya saki Eclipse, manhajar rubuta manhajoji, kyauta a 2001, sai a 2004, da fitowar Eclipse 3.0, aka ware ginshiƙinsa domin kowa ya ɗora tasa manhajar a kai. Wannan ginshiƙin ne RCP, wato Rich Client Platform. Komai a cikinsa fulogin ne, wato sashe mai zaman kansa da ake jonawa, kuma wani ɓangare mai suna Equinox, mai bin tsarin jona sassan Java da ake kira OSGi, shi ke kula da haɗuwarsu. Kowane sashe sai ya faɗa a fayil ɗinsa na MANIFEST.MF abin da yake buƙata da abin da ya yarda a taɓa masa. A nan sabon shiga ke shan wahala: aikinka lafiya lau, amma ka manta layi ɗaya a wannan fayil, manhaja ta ƙi tashi.

SWT ma, wanda ke zana maɓallai da tagogi, yana aro ne kai tsaye daga Windows ko Linux. Duk hoto ko salon rubutun da ka ƙirƙira, kai za ka sallame shi da dispose(), in ba haka ba wata rana ka ga saƙon kuskure na "No more handles". Aiki mai nauyi kuma a Job ake sa shi, wato aikin da ke gudana a bayan fage, kada allo ya daskare wa mai shago ana tsakiyar ciniki.

Amma in kana hangen asibitoci da manyan dillalai, kowa da sashen da zai saya, ga masu gina manhajar da yawa, to wahalar za ta biya. Manhajojin sarrafa bayanai irin su DBeaver da KNIME a kan RCP aka gina su, kuma p2, tsarin girkawa da sabuntawa na Eclipse, zai ba ka damar sabunta sashe ɗaya ba tare da sake girka komai ba. In haka ne, fara da tsarin e4 na Eclipse 4, ka koyi Tycho, fulogin na Maven (kayan harhaɗa manhajojin Java), tun farko domin harhaɗa manhajar.