Manhajar da ke cewa tana gane ɗaukewar numfashin barci daga murya

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana yana minshari sosai, wani lokaci numfashinsa ya ɗauke ya farka a firgice. Na ga tallar wata manhaja mai cewa in ya yi mata magana za ta faɗa masa ko yana da wannan ciwo. In sauke ta? Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar tana da tushe, amma kada ki dogara da wannan manhaja.

Hanyar da numfashi ke bi ita ce murya ke bi. Girman harshe, kaurin naman ganɗa ta baya, beli, ƙaramin muƙamuƙi da kitsen wuya su ne ke matse maƙogwaro in mutum ya yi barci, kuma suna sauya amon muryarsa da rana. Shi ya sa masu bincike a Sifaniya da Isra'ila suka naɗi mutane suna jan wasula kamar "aaa" da "iii", suka bai wa kwamfuta ta nemo bambanci. Sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba, don shekaru da ƙiba da taba da mura duk suna canza murya, balle ƙurar hunturu. Ita kanta wayar tana tace sauti, saƙon murya na WhatsApp kuma matse shi ake yi, sai abin da ake son aunawa ya ragu.

Abin da waya ta iya shi ne naɗar dare. Ki ajiye ta kamar rabin mita zuwa mita ɗaya daga kansa, ƙasan wayar na fuskantarsa, kada ta shiga ƙarƙashin matashi saboda zafi. Ki jona caji, ki kunna yanayin jirgin sama, ki kashe tsarin tattalin batir, domin Android na kashe manhajar da ta daɗe tana aiki a ɓoye, ki wayi gari babu komai. Awa 8 kan ci kusan MB 230 a matsakaicin inganci. Ƙarar janareta ko fanka na danne sautin numfashi, don haka ki zaɓi dare mai shiru, ki maimaita sau uku. Manhajar naɗar sauti da ta zo da wayar ta wadatar, kuma ta fi rufin asiri, tunda wasu manhajojin na tura sautin ɗakin barci ga kamfaninsu.

Da safe ki nemi inda minshari ya yanke, shiru ya kai daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya ja numfashi da ƙarfi. Ki rubuta lokacin.

A gwajin barci na asibiti ana ƙirga sau nawa numfashi ke ɗaukewa ko raguwa a awa: 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ko agogon Apple da Samsung da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2024 don gano alamun wannan ciwo, gargaɗi kawai suke yi.

Ku kai naɗin ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro, misali a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In yana da hawan jini ko gyangyaɗi da rana, ku faɗa wa likita, kuma ya dakata da tuƙin doguwar tafiya sai an duba shi.