Amsa: me ya sa yaran makarantar ƙauyenmu ke faɗuwa CEP, jarrabawar kammala firamare?

Malam, ka tambaya ko yaran ne ba su da ƙwaƙwalwa, wallahi ba haka ba ne. Mu nan wajen Garwa a arewacin Kamaru yaro yana tashi da Fulatanci ko Hausa a gida, ranar farko a ajin SIL, wato aji ɗaya na firamare, sai a tare shi da Faransanci zalla, ga aji ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama, ya za a yi ya gane? Tun 2000 aka ce firamare kyauta ce, amma har yau iyaye ke haɗa kuɗi ta APEE, ƙungiyar iyayen yara da malamai, su biya wasu malaman. Lokacin tsinkar auduga kuma rabin aji na gona. Abin da ya fi ci mini rai 'yan mata ne, ka ƙirga su a SIL, ka dawo CM2, ajin ƙarshe, ka sake ƙirgawa.