Kafin ka ƙara kuɗi a kan ɗan aiken AI, a fara gwada bayanin kayan aikinsa

Tambaya: Ina sayar da kaya ta intanet, kuma na biya wani mai haɗa manhaja ya samar mini da ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira (AI), wanda ke amsa wa masu saye, ya duba kayan da suka rage, ya soke oda, ya mayar da kuɗi. Sai dai wani lokaci mai saye ya nemi a canza masa adireshi, ɗan aiken ya soke odar gaba ɗaya. Mai manhajar ya ce mafita ita ce in koma samfurin AI mafi tsada, wato in canza ƙwaƙwalwar da ɗan aiken ke aiki da ita. Shin in biya?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka dakata da biyan, domin akwai abin da ya fi cancanta a fara tuhuma, kuma gyaransa ba shi da tsada. Ɗan aiken nan ba ya ganin shagonka, ba ya kuma ganin cikin manhajarka. Abin da ake miƙa masa shi ne jerin kayan aiki, wato ayyukan da zai iya sa manhajar ta yi, kamar soke oda ko mayar da kuɗi, kowanne da sunansa, da ɗan taƙaitaccen bayani a rubuce, da guraben da zai cike, kamar lambar oda ko adadin kuɗi. A haka tsarin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar kiran kayan aiki a 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Idan an rubuta wa wani kayan aiki "gyara oda", aka rubuta wa wani "sarrafa oda", to ko sabon yaron shago ka ba wa wannan umarni sai ya rikice, kuma ƙara masa albashi ba zai warware ruɗanin ba.

Hanyar gane gaskiya ita ce gwaji da saƙonnin masu sayenka na ainihi. Ka tattara kamar hamsin daga cikinsu, har da masu kuskuren rubutu da waɗanda suka haɗa buƙatu biyu a saƙo ɗaya, ka rubuta a gefen kowanne kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata ya faru a ƙarshe. Ka sa wasu saƙonni da amsarsu ita ce kada a taɓa komai sai an tambayi mai saye, domin ɗan aiken da ba ya iya tsayawa ya yi tambaya ya fi kowanne jawo asara. Sannan ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku, kada mai manhajar ya gan su, don kada ya gyara bayanan su dace da jarrabawar kawai.

Kada a gwada kowane saƙo sau ɗaya a ce an ci, saboda waɗannan na'urori ba sa maimaita amsa iri ɗaya kullum. Wanda ke dacewa sau 90 cikin 100, idan aka nemi ya dace sau biyar a jere, a lissafi damarsa ta sauko zuwa kusan kashi 59 cikin 100. Wannan ne ya sa gwajin tau-bench, wanda kamfanin Sierra ya fitar a 2024 kan ayyukan shaguna da na kamfanonin jiragen sama, yake auna dacewa a karo da yawa a jere.

Wurin da nake so ka fi zuba ido shi ne guraben kuɗi. A tsarin biyan kuɗi na Stripe, misali, ana rubuta adadi ne da ƙaramin kason kuɗin, wato 100 na nufin dala ɗaya. Bayanin da bai faɗi wannan ba zai iya sa a mayar wa mutum kashi ɗaya cikin ɗari na haƙƙinsa. Haka nan ya kamata bayanin ya faɗi lokacin da ba a amfani da kayan aikin, da tsarin rubuta kwanan wata, da abin da za a yi idan ba a sami odar ba. Ka tuna kuma ana tura duk bayanan tare da kowace buƙata kuma ana cajin ka a kansu, don haka kayan aikin da ba a amfani da su a cire su.

Sai a gyara bayanan kaɗai, a bar samfurin yadda yake, a sake gwaji da saƙonnin da ka ɓoye. Idan kura-kuran sun ragu sosai, ka tsira da kuɗinka. Idan ba su ragu ba, sai a gwada samfurin mai tsada da saƙonnin nan dai, ka kwatanta ƙarin kuɗin wata da asarar da kura-kuran ke jawo maka. Kafin a kammala wannan, ka sa soke oda da mayar da kuɗi su riƙa jiran amincewar mutum, kuma ka rubuta a yarjejeniyarku da mai manhajar cewa ragowar kuɗin aikinsa sai sakamakon gwajin ya kai adadin da kuka amince a kai.