Ƙanena ya ce zanen falona ba zane ba ne

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mana gardama. Na sayi wani zane a bakin titi wajen Taminus, Bafulatana ce da ƙwaryar nono a ka, rana na faɗuwa bayanta sama ta yi jawur, ni dai duk na kalle shi sai in tuna kakata. Ƙanena da ke karantar zane a jami'a ya zo hutu, yana gani ya kwashe da dariya wai wannan kayan 'yan kasuwa ne, masana ko kallo ba za su yi masa ba. Kunya ta sa na sauke shi na tura bayan kujera. Wai da gaske abin da talaka ke so ba fasaha ba ce? Daga mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki fara ciro shi daga bayan kujerar nan tukuna kafin yara su fasa gilashin.

Toh ƙanin naki ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, bakin ne dai ya yi masa yawa. Abin da masu sharhi ke ƙi a irin zanen nan shi ne wani mai zanen bai taɓa tsayawa ya kalli mai tallar nono ba, kwafin kwafi yake yi, ya san in ya sa jan sama da siririyar mace za a saya shikenan sai ya yi ta maimaitawa. A Amurka an yi wani Thomas Kinkade, ya rasu 2012, kullum zanensa ƙananan gidaje ne da fitila na haske ta taga, kamfaninsa ya dinga buga kwafi ma'aikata su ɗan ɗiɗɗiga fenti a kai a sayar, mutane na rububi masana kuwa suna toshe hanci. Ni a kansa ina bayan masana gaskiya.

Amma a ce wai don jama'a na son abu shi ya sa ba shi da daraja, wannan ban yarda ba sam. Zanen nan mai suna Tutu, hoton wata mace, na Ben Enwonwu mai zane ɗan Najeriya fa? Kwafinsa ya rataya a faluka da yawa a ƙasar nan, kuma da aka gano na asali a wani gida a Landan an yi gwanjonsa a 2018 kan fam miliyan 1.2, babu masanin da ya ce uffan. Su kansu masu sharhin sun sha kwafsawa, a 1874 a Faris sun yi wa Monet, mai zane ɗan Faransa, ba'a son ransu wai aikinsa bai ma kammala ba, yau shi ake koyar da su ƙaninki a aji. Akwai kuma Tretchikoff na Afirka ta Kudu da zanensa na 'yar Sin mai koriyar fuska, an raina shi shekara da shekaru, a 2013 aka saye shi kusan fam miliyan ɗaya, ko da yake kuɗi ba hujja ba ne, masu kuɗi ma suna sayen shirme.

Ga abin da za ki yi. Ki fito da shi tsakar gida da rana, ki manta da jan saman nan ki duba matar. Akwai gammo tsakanin kanta da ƙwaryar ko kawai an ɗora mata ita tana reto? Wuyanta ya nuna nauyi? An rufe ƙwaryar da faifai, akwai ludayi? Ki duba yatsu musamman, nan ne ragon mai zane ke tona kansa, wani sai ya ɓoye hannun cikin zani don kar ya sha wahala. In kin ga waɗannan to wanda ya yi shi ya san Fulani da idonsa, ya kuma san aikinsa. In ba ki gani ba kwafi ne, amma ko hakan ne ki mayar da shi bango, falonki ne kuma ba don ƙaninki ki ke tuna kakarki ba.

Shi kuma tunda hutu yake, ki sai masa fenti ki ce ya je ya zana miki mai fura ɗaya daga cikin masu zama bakin kasuwa, ku jera biyun ku gani.