Fayilolin Amurka sun ƙi karɓar takardunmu, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne magatakardan wata makarantar Islamiyya da boko a Aboabo, nan Kumasi. Ƙanena da ke Amurka ya aiko mana da kwali guda na fayiloli masu zobe uku, masu kyau da ƙwari. Sai dai abin huda takardar da muka saya a Adum huji biyu yake yi, kuma ko ɗaya bai dace da zobban ba. Takardar ma leƙowa take yi ta sama. Ga kuma sitikar da muke liƙawa a bayan fayil, ba ta shekara take ɓanɓarewa. Su wane ne suka ƙirƙiro waɗannan kaya, me ya hana su daidaita su? Kuma wane iri ne ya fi dacewa da takardun yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa ƙanen naka da alheri. Abin hudarku lafiyarsa ƙalau, fayilolin ma ba su da aibu. Ma'auni biyu ne suka yi karo a kan teburinka, na Jamus da na Amurka, kuma mu nan Ghana na Jamus muke bi ko da ba mu sani ba.

Fayil mai zobe da abin huda shekara ɗaya suka fito, a hannun mutum ɗaya. Friedrich Soennecken, mai kamfanin kayan rubutu a birnin Bonn, shi ya fito da su a 1886. Bayan shekara goma, a 1896, Louis Leitz na Stuttgart ya ƙera babban fayil ɗin nan mai ƙarfe biyu a lanƙwashe da ɗan hannun da ake ɗagawa su buɗe, wanda kake gani jere a kowane banki da asibiti. Hujin nan na bayansa da ake zura yatsa a jawo shi daga kanta sai a 1911 aka ƙara. Tsarin huji biyu ya zama ƙa'idar duniya daga baya: milimita 80 tsakanin huji da huji, kowanne kuma kimanin milimita 12 daga bakin takarda. Takardar A4 ma daga can ta fito. Jamusawa suka tsayar da ma'auninta a 1922, aka mai da shi na ƙasa da ƙasa a 1975, faɗi milimita 210, tsawo 297.

Amurkawa ba su shiga wannan layi ba. Takardarsu inci takwas da rabi ce a faɗi, inci goma sha ɗaya a tsawo, wato kamar milimita 216 da 279. Ta fi tamu faɗi kaɗan, tamu kuma ta fi ta tsawo da milimita 18, shi ne leƙen da kake gani. Zobbansu uku, ɗaya a tsakiya cif, sauran biyun kowanne milimita 108 daga na tsakiyar. Namu hujin kuwa kowanne milimita 40 ne daga tsakiya. Ko yaya ka juya takardar, ba inda za su haɗu.

Kada ku zubar da su. Ku nemi ledar nan ta saka takarda mai jerin huji goma sha ɗaya a gefe. An yi ta ne don ta shiga zobe biyu, uku ko huɗu. Ku ajiye fayilolin Amurkan don abin da ba a son hudawa tun farko, kamar takardar fili, shaidar rajistar makaranta da wasiƙun hukumar ilimi. Leƙen zai ci gaba, don haka ku ba su kanta mai sarari a sama. Sai dai a duba ledar. Mai kauri da santsi, mai warin sabuwar roba, galibi PVC ce, kuma idan zafi ya daɗe a kanta takan ɗebe baƙin fotokwafi, ka zaro takarda ka tarar rabin rubutun ya zauna a jikin leda. Mai laushi marar wari ita ake so.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, kuma a nan ne nake ganin ofisoshi da yawa suna tafka kuskure. Ana sayen babban fayil mai hannu don ya fi ban sha'awa a ido, a zuba masa komai. To shi an yi shi ne don takardun da ke taruwa bi da bi, ake kuma karanta su a jere: rasit na kuɗin makaranta, takardun albashi, bayanan taron hukumar makaranta, wasiƙun da suka shigo. Mai faɗin baya yakan ɗauki kusan rim guda, takarda 500. Da zarar ya kai haka a rufe shi a buɗe sabo, domin idan aka danna fiye da kima ƙarfen biyu sukan daina haɗa baki, daga nan duk shafin da aka juya sai ya yage.

Takardun yaro kuwa ba da kwanan wata ake neman su ba, da mutum ake nema. Uba ya zo yana son takardar canjin makaranta, kana bukatar duk abin da ya shafi ɗansa a dunƙule, ka ɗauka ka kai wa shugaban makaranta ba tare da ka kinkimi na yara sittin ba. Wannan aikin fayil ɗin kwali ne mai ninki biyu, ɗaya ga kowane yaro. Shi kuma fasahar Amurka ce. A ƙarshen ƙarni na 19, da na'urar buga rubutu da takardar kabon suka cika ofisoshinsu da wasiƙu, sai suka ari dabarar laburare, inda ake jera katunan littattafai a tsaye cikin durowa. Suka faɗaɗa durowar, suka tsayar da takardu a gefensu cikin kwali, maimakon a naɗe su a cusa a 'yan ramukan kabad ko a tara su a kwance. Kunnen da ke leƙowa a saman kwalin ma daga katunan laburaren ya zo. Hikimarsa a karkacewar take: na farko a hagu, na biyu a tsakiya, na uku a dama, don kada wani ya tare wani. In kun sayi masu kunne, ku jera su a haka, in ba haka ba kuɗin kunnen ya tafi a banza.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, in ka lura. Littattafan malamanmu na zango warwara suke, ba a ɗinke ba, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan da marubuci yake sa wa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Takardar da ba a ɗinke ba dole ta ɗauki alamar gurbinta a jikinta, kuma wannan ne abin da yawancin fayilolinmu na ofis suka rasa.

Saboda haka kada ku jera yara da harufan sunansu. Ka fi ni sanin yadda rajistarku take. Yaro ɗaya, a takardar haihuwa Mohammed, a katin inshorar lafiya Muhammad, kakarsa kuma Mahama take kiransa. Ga Issah da Isa, Yussif da Yusuf, Fuseini da Husaini, ga Abdul Rahman huɗu a aji guda. Ku ba kowane yaro lambar shiga wadda ba za ta canza ba har ya gama, misali shekarar shigarsa da lambarsa a jeri. A rubuta ta a kunnen fayil, a kuma rubuta ta da fensir a kusurwar duk takardar da za ta shiga ciki. Sunaye su zauna a littafi guda ko a kwamfuta, kowane suna da lambarsa a gabansa, har da sauran yadda ake rubuta shi.

Batun sitika gajere ne. Da can lambar takarda sai an jiƙa gam ɗinta kamar kan sarki. Wani Ba'amurke, Stanton Avery, shi ya fito da mai liƙe kanta a 1935 a Los Angeles. Gam ɗinta yana son wuri mai santsi, busasshe, marar ƙura. Bayan fayil ɗin roba yana da 'yan gurza-gurza, ƙurar hunturu ta kwanta a ciki, zafin rufin kwano ya busar da gam ɗin, damina kuma ta sa takardar ta kumbura ta nannaɗe daga kusurwa. Ku sayi fayil mai aljihun leda a baya ku zura kati, shi ke nan. A kan kwali kuwa a rubuta kai tsaye da maka marar gogewa. Salatif ba magani ba ne, yakan yi ja ya faɗi ya bar tabo. Rasit ɗin nan mai santsi da injin banki ko na kanti ke fitarwa shi ma rubutunsa gushewa yake yi, a yi masa fotokwafi tun yana sabo a haɗa su tare.

A fayil ɗin kwali, igiyar nan mai guntun sanda a kowane baki da muka gada daga ofisoshin Ingila ta fi kilif da fil na ƙarfe, musamman mai bakin roba, don damina biyu ta Kumasi ba ta barin ƙarfe ba tsatsa. Kantar ƙasa kuma ta ɗaga daga daɓe, ta ɗan ja baya daga bango saboda gara da danshi. Wanda ya yi damina a Aboabo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan tsofaffin rajistocin makarantar sun soma lalacewa, hukumar adana takardun ƙasa, PRAAD, tana da ofis a nan Kumasi, kuma adana irin waɗannan shi ne aikin ma'aikatanta, sai ku nemi shawararsu.

In za ka huda takarda, ka ɗan haɗa samanta da ƙasanta ka matse gefen da farce don tsakiya ta fito, ka daidaita wurin da 'yar kibiyar da ke jikin abin hudar. Haka duk shafukan za su zauna kai ɗaya. In kuma ka koma Adum sayen fayil mai hannu, kada ka karɓa a naɗe cikin leda. Ka buɗe, ka ɗaga hannun ka sauke sau biyu ko uku, sannan ka bi mahaɗar ƙarfen da yatsa. Idan farcenka ya maƙale a wurin, ka ce a canza maka wani.